Saurayin da ya tsayar da annobar kwamfuta da dala goma

Mai karatu, ɗauka kai ne ma'aikacin jinya a wani asibitin Ingila ranar Juma'a, 12 ga Mayu, 2017. Marasa lafiya sun cika benci, likita na jiran sakamakon gwajin jini, ka juya ga kwamfuta domin ka buɗe fayil. Sai ka ga allon ya rikiɗe ja, da hoton kwaɗo a gefe, da agogo biyu suna ƙirga lokaci da baya. Rubutun da ke tsakiya ya ce an kulle duk fayilolinka, kuɗin fansa dala 300 ne, kuma da kuɗin intanet na Bitcoin za ka biya. Ka wuce kwana uku, kuɗi ya ninka. Ka wuce kwana bakwai, ka yi sallama da fayilolin har abada. Ka leƙa teburin abokin aikinka, nasa ma ja. Me za ka yi?

Abin da mutanen suka yi shi ne komawa ga biro da takarda. Aka zare wayoyin kwamfutoci daga bango, aka ɗage tiyata, aka ce wa masu motocin ɗaukar marasa lafiya su nufi wasu asibitocin. Da hukumar binciken kuɗin gwamnatin Birtaniya ta zauna lissafi daga baya, ta gano cewa abin ya taɓa kusan kashi ɗaya cikin uku na hukumomin asibitoci 236 da ke Ingila, an kuma soke ganin likita da tiyata kimanin 19,000. Ma'aikatar lafiyar ƙasar ta ƙiyasta asarar da fam miliyan 92. Kuma Ingila ɗaya ce kawai cikin waɗanda aka yi wa wannan ta'asa.

Tun da safe wannan cutar kwamfuta ta fara bazuwa. Ta shiga kamfanin sadarwa na Telefónica a Sifen, ta tsayar da aiki a masana'antun motoci na Renault a Faransa, ta bayyana a allunan jadawalin jirgin ƙasa a tashoshin Jamus, ta kutsa har ma'aikatar cikin gida ta Rasha. 'Yan sandan Tarayyar Turai sun ce kwamfutoci sama da 200,000 ne a ƙasashe 150. Sunanta WannaCry. Abin da ya fi tsorata masana shi ne ba ta jiran kowa ya danna wata wasiƙa ko ya buɗe wani hoto. Da zarar ta shiga kwamfuta ɗaya, da kanta take lalubo maƙwabtanta ta hanyar da Windows ke raba fayiloli tsakanin kwamfutoci, ta tsallaka, ta kulle, ta ƙara gaba. To, ina masu maganin suke?

Nan ne labarin ya fara ba da haushi, mai karatu. Maganin ya riga cutar isowa da kwana 59.

Kamfanin Microsoft yana da al'ada tun 2003: Talata ta biyu a kowane wata yakan fitar da faci na kurakuran da aka gano a Windows. A Talatar 14 ga Maris, 2017, ya fitar da wani mai lamba MS17-010, ya kuma sa shi a sahun mafi gaggawa. Kyauta ne. Duk kwamfutar da ta karɓi wannan sabuntawa, WannaCry ta zo ta tarar da ƙofa a rufe. Sashen kula da kwamfutocin asibitocin Ingila ma ya aika gargaɗi a watan Maris, ya sake aikawa a Afrilu, cewa a hanzarta a saka. Sai dai babu wani tsari na bin diddigi a tabbatar wa ya saka, wa bai saka ba. Takarda ta fita, mai aikawa ya ɗauka an yi, wanda aka aika wa ya ce sai an samu sarari. Kafin harin, an je an duba tsaron kwamfutoci a 88 daga cikin hukumomin asibitocin nan. Ka san nawa suka ci jarrabawar? Ko ɗaya.

Ita kanta ɓarakar da facin ya toshe tana da nata tarihin. Hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA ce ta gano ta tun da daɗewa, ta yi shiru, ta ƙera makamin kutse da ita mai suna EternalBlue, tana amfani da abinta a ɓoye. Sai aka yi wa mai dokar barci sata. Wasu da ke kiran kansu Shadow Brokers suka kwashe makaman, suka watsa su a intanet ranar 14 ga Afrilu, kowa ya ɗauka. Shugaban Microsoft, Brad Smith, ya kwatanta abin da a sace wa sojan Amurka makamai masu linzami. Ka ga ke nan, bango ya tsage, an kawo ƙasar yaɓe har bakin ƙofa, masu gida suka ce sai gobe, ƙadangare kuwa bai san gobe ba.

Yanzu bar manyan birane, mu tafi wani ƙaramin garin bakin teku a kudu maso yammacin Ingila, Ilfracombe. A can akwai wani saurayi ɗan shekara 22, Marcus Hutchins, yana zaune a gidan iyayensa, ɗakin kwanansa ne ofishinsa. Bai yi jami'a ba. Da kansa ya koyi farke miyagun manhajoji yana duba cikinsu, yana rubutu a intanet da sunan MalwareTech, wani kamfanin tsaro na Amurka, Kryptos Logic, ya ɗauke shi aiki daga nesa. A wannan makon ma hutu yake yi. Ya dawo daga cin abincin rana ya tarar duniya ta ɗauki zafi, wani abokin sana'a ya turo masa samfurin cutar, ya baje ta yana dubawa.

Can cikinta ya ga wani abu. Kafin ta fara ɓarna, sai ta nemi tuntuɓar wani adireshin intanet, dogo, haruffa da lambobi a cakuɗe kamar yaro ya dafa allon rubutu da tafin hannu. Ya bincika, ya ga ba wanda ya yi rajistar adireshin. Da kai ne, mai karatu, za ka taɓa shi? Ba ka san ko wane ne ya dasa shi ba, ba ka san abin da zai tashi in ka taɓa ba. Shi dai sana'arsa ce sayen irin waɗannan adireshi domin ya ƙirga kwamfutocin da suka kamu. Ya ciro kati ya biya dala 10 da santi 69. Da la'asar ne.

Bai san abin da ya yi ba. Har ma an ɗan jefa shi cikin fargaba, domin an fara raɗe-raɗin cewa rajistar ce ke sa cutar ta kulle fayilolin mutane. Ka yi tunanin cikinsa a wannan lokaci: wataƙila da hannunsa ya ƙara wa asibitoci wuta. Sai da shi da wasu masana suka gwada suka ga akasin haka ne. An gina cutar ne a kan sharaɗi: in ta kira adireshin nan ba a amsa ba, ta ci gaba da aiki, in kuwa an amsa, ta tsaya cak. Daga lokacin da Hutchins ya sa adireshin ya fara amsawa, duk sabuwar kwamfutar da cutar ta shiga, sai ta kira, ta ji amsa, ta kwanta. Waɗanda aka riga aka kulle suna nan a kulle, amma yaɗuwar ta karye.

Kada ka ce shi ke nan. Adireshin nan in ya daina amsawa, cutar da ke kwance a dubban kwamfutoci za ta iya farkawa. Wasu 'yan ta'adi suka yi ta yi masa ruwan saƙonni domin su durƙusar da shi, Hutchins da abokan aikinsa suka kwana suna tarewa, kwana da kwanaki ba barcin kirki. Microsoft kuma ya yi abin da ba ya yi: ya fitar da faci har ga Windows XP, wadda ya daina kula da ita tun Afrilun 2014. Da ƙura ta lafa aka duba, sai ga shi mafi yawan kwamfutocin da suka kamu ba XP ba ce a kansu, Windows 7 ce, wadda facinta ke nan tun Maris yana jira. Su kuwa masu garkuwar, duk wannan hargitsi abin da suka tara bai wuce dala dubu 140 ba. Amurka da Birtaniya sun ɗora laifin a kan Koriya ta Arewa.

'Yan jarida suka tono sunan saurayin, suka yi sansani a ƙofar gidansu, duniya ta ce ga gwarzo. A ƙarshen Yuli ya tafi Las Vegas taron masana kutse, ana ta rububin gaisawa da shi. Ranar 2 ga Agusta, yana filin jirgi zai koma gida, jami'an FBI suka tare shi. Laifin me? Ashe shekaru kaɗan baya, tun yana ɗanyen kai, shi ya rubuta wata manhajar satar bayanan banki mai suna Kronos, wani ya sayar. Hannun da ya ceci asibitoci shi ne ya taɓa ƙera mabuɗin sata. A Afrilun 2019 ya amsa laifi. Da kai ne alƙali, ina za ka sa shi a sikeli? Alƙali J. P. Stadtmueller na Milwaukee ya duba cewa yaron ya bar wannan hanya da kansa tun kafin a kama shi, ranar 26 ga Yuli, 2019 ya sallame shi ba tare da ƙarin zaman kurkuku ba, sai shekara guda ta sa ido. Ni dai ina ganin alƙalin ya yi daidai.

Za ka ce duniya ta ɗauki darasi? Mako shida da 'yan kwanaki bayan WannaCry, ranar 27 ga Yuni, wata cutar mai suna NotPetya ta taso daga Yukren, tana amfani da ɓarakar nan dai cikin hanyoyin yaɗuwarta, kuma ita ba ta da adireshin kashewa. Kamfanin jiragen ruwa na Maersk, wanda reshensa ke tafiyar da tashar kwantena ta Apapa a Legas, shi kaɗai ya yi asarar kusan dala miliyan 300.

Mu dawo gida. Ɗan ƙauye da zai buga takardar neman aiki ko ya cike fom ɗin jarrabawa, shagon kwamfuta yake nema, a Kankiya ko Kusada ko Katsina. Duba teburin da kyau: kwamfuta ta hannu ce, firinta a gefe, filashin mutum goma sun shiga sun fita kafin azahar, hotunan fasfo da takardun shaidar jama'a jibge a ciki. In ɗan saƙon sabuntawa ya leƙo a ƙasan allo, da sauri ake danna "daga baya". Sau da yawa ma mai gyara ne ya kashe shi tun ranar da ya ɗora Windows ɗin da ba ta asali ba, ya ce, "Maigida, na rufe maka wannan, data kawai yake sha." Ban ga laifin mai shago gaba ɗaya ba. Data kuɗi ce, man janareta kuɗi ne, kuma wa zai kashe kwamfuta ta yi rabin awa tana juyi alhali kwastoma na tsaye? Asibitocin Ingila ma irin uzurin da suka kawo ke nan da babbar riga: aiki ba ya tsayawa, kuma ana tsoron sabuntawa ta ɓata tsohuwar manhajar da wata na'urar gwaji ta dogara da ita.

To, ga abin da zan roƙe ka, mai karatu, ko shago gare ka, ko kai ne akawun makaranta ko na asibitin ƙauye. Buɗe saitin kwamfutar yau, ka shiga wurin sabuntawa, ka karanta ranar da ta karɓi faci na ƙarshe. Rubuta ta a littafi, kowace kwamfuta da layinta, ka riƙa komawa bayan Talata ta biyu a wata. Kwafe muhimman fayiloli a wani filashi da ba ya kwana a jikinta. Ka kuma duba wace Windows ce a kai, domin Microsoft ya daina ba Windows 7 facin kyauta tun 14 ga Janairu, 2020, Windows 10 kuma wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoba, 2025.