Bayan "Masha Allah": Yadda ake yi wa mai koyon ɗaukar hoto gyara

A zaurukan WhatsApp na matasan Dutsin-Ma da Kurfi, har da ƙauyuka irin su Dabawa, da wuya yini ya wuce ba a turo hoto ba. Wani ya ɗauko faɗuwar rana a madatsar ruwa ta Zobe, wani ya ɗauko tumatir cikin kwanduna a gonar rani, wata ɗaliba a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ta ɗauko ƙawarta a sabon ɗinki. Amsar da ke biyo baya iri biyu ce. Ko dai a jero "Masha Allah" da "ya yi kyau" har ashirin, ko kuma wani ya jefo kalma ɗaya, "shirme", ya wuce. Dukansu biyun ba su koya wa mai hoton komai ba. Gobe zai sake ɗaukar irinsa da kuskuren jiya.

Lamarin ya wuce nishaɗi. Mai sayar da atamfa da shadda a yau da hoto take tallata hajarta, kuma idan launin da ke hoton ya saɓa da na yadin, mai saye zai maido da kaya ya tafi da zargin an yaudare shi. Dillalin raguna gab da Babbar Sallah da hoto yake ciniki da mutanen Abuja da Legas. Ma'aikacin ƙaramar hukuma da aka tura duba ginin aji ko rijiyar burtsatse da hoto zai kafa hujja a rahotonsa. Duk waɗannan masu koyo ne, kuma galibi ba su da malami sai abokai.

A zamanin fim, gyara yana zuwa da kansa. Nadi ɗaya yana ɗaukar hotuna 24 ko 36, sai an biya kuɗin wanki kafin a ga abin da ya fito, saboda haka yaron sitidiyo yakan daɗe a gaban maigidansa yana shan faɗa kafin a bar masa kyamara. J.D. 'Okhai Ojeikere, wanda duniya ta san shi da hotunan kitson matan Najeriya kusan dubu da ya fara ɗauka a 1968, da ƙaramar kyamara ƙirar Brownie ya fara a 1950, wani maƙwabci ya nuna masa yadda ake sarrafa ta, sannan ya shiga aikin wankin hoto a Ma'aikatar Yaɗa Labarai a Ibadan a 1954. Wayar hannu ta cire tsadar fim, amma ta tafi da maigidan. Gurbinsa ne ake nema a cike.

Masu koyar da wannan fanni sun daɗe da lura cewa mutane suna fara magana daga inda ya kamata su ƙare, wato hukunci. Terry Barrett, wanda a lokacin yake koyarwa a Jami'ar Jihar Ohio ta Amurka, ya fitar da littafi a kan nazarin hotuna a 1990, kuma tsarin da ya koyar ya sa bayyana abin da ke cikin hoto a gaba, fassara shi ta biyo, hukunci ya zo daga baya. Hikimar a fili take. Idan mai gyara ya ce, "Na ga mahayi sanye da rawani a tsakiya, bayansa akwai turken lantarki da ya yi kamar ya tsiro daga kansa," bai zagi kowa ba, amma mai hoton ya ga abin da idonsa ya tsallake. Da yawan kurakurai a nan suke warwarewa, domin mai ɗauka yana ganin abin da ya nufa ne, ba abin da kyamara ta kama ba.

Kafin ma a kai nan, akwai tambayar da ta fi kowace muhimmanci: me aka so nunawa, kuma don wa? Hoton rago na sayarwa yana bukatar a ga tsayinsa da ƙirjinsa da ƙafafunsa a fili, a tsaye daga gefe. Hoton ragon da yaro ya ɗauka don kewar dabbar da ya yi kiwo yana iya zama fuska kawai. Wanda ya auna na biyu da ma'aunin na farko ya zalunci mai hoton.

Inda gyara ya fi amfani a wannan yanki shi ne haske, kuma nan ya kamata a daɗe. Rana a Katsina tana da ƙarfi, da tsakar rana kuma tana bisa kai, sai inuwa ta cika kwarmin idanu, hula ko mayafi su rufe goshi da duhu. Ga kuma matsalar farar riga. Kyamara tana auna hasken da ke gabanta ne ta raba daidai. Idan babbar riga fara ƙal ta cika hoton, sai ta rage haske don kada rigar ta ƙone, fuskar baƙin mutum kuma ta nutse. Wannan tsohuwar matsala ce, domin shekaru da dama kamfanin Kodak yana daidaita launin wankinsa da hoton farar mace. Kamfanin Transsion mai wayoyin Tecno da Infinix da itel ya samu kasuwa a Afirka ne, a wani ɓangare, saboda ya daidaita kyamarorinsa da baƙar fata. Duk da haka waya ba ta san nufin mai ita ba. Mai gyara da ya ce "hoton ya yi duhu" ya faɗi gaskiya, amma bai taimaka ba. Wanda ya ce, "Malam, ka taɓa fuskarsa a allon wayar kafin ka ɗauka, ko ka matsar da shi inuwar darbejiya ya fuskanci fili," ya ba shi abin da zai gwada yau da la'asar. Hantsi da la'asar sakaliya su ne lokutan da haske ke zuwa daga gefe da taushi. Hazon hunturu, wanda mutane ke ƙorafi a kansa, yakan tausasa rana ya yi wa fuska kyau, ko da yake yana disashe nesa.

Ga 'yan kasuwa, ƙwan lantarki mai ja-ja shi ne babban mai ɓata launi. Yadin da yake shuɗi sai ya fito kamar kore. A fito da shi bakin ƙofa inda hasken rana ke shigowa ba tare da ya buge shi kai tsaye ba, a kuma kashe filta.

Sauran kurakuran gajeru ne. Gilashin kyamara da ƙura da maiƙon yatsa suka rufe, goge shi da gefen riga ya isa. Ruwan Zobe da ya karkace kamar zai zube, layukan da ake kunnawa a saitin kyamara suna daidaita shi. Zuƙo abu da yatsa biyu yana farfasa hoto a yawancin wayoyi, takawa a matsa kusa ya fi. Kuma kafin a zargi mai hoto da rashin kaifi, a tuna WhatsApp yana matse hoto. A nemi ya turo shi a matsayin fayil.

Sai dai sanin duk wannan ba izini ba ne na zazzage shi a lokaci ɗaya. Mai koyo da aka lissafa masa laifi bakwai ba zai riƙe ko ɗaya ba, sai dai ya riƙe mai lissafin a zuciya. Abu ɗaya, ko biyu idan ya nema, ya wadatar. Yabo ma yana da sharaɗi iri ɗaya da gyara: a ambaci abin da ake yabawa. "Ka kama lokacin da dokin ya ɗaga ƙafa" yana gaya wa mutum abin da zai maimaita. Akwai kuma masu ɗaukar hoton wani su yanke shi, su sauya masa launi, su maido cikin zaure ba tare da an tambaye su ba. Ko da gyaran ya yi kyau, wannan shiga gonar wani ne. A nemi izini tukuna.

Kunya da kara suna da nasu hukuncin a nan, kuma ba abin a raina ba ne. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma wurin da aka faɗi maganar yana iya mayar da ita haka. Ƙaramin ma'aikaci ba zai gyara wa darakta hoto a zauren ofis ba, ƙane ba zai ƙure yayansa a zauren dangi ba. Saƙo na keɓe, da aka buɗe da "Yaya, akwai shawara idan ka ba ni dama," yana isar da abin da tsokaci a gaban mutum ɗari ba zai isar ba.

Akwai gyaran da ba ya jiran a nema. Dutsin-Ma da Kurfi, kamar maƙwabtansu Safana da Batsari, sun sha fama da hare-haren 'yan bindiga, kuma hotunan gawarwaki da na waɗanda aka sako daga daji sukan yi yawo a wayoyi kafin iyalansu su ji labari. Hoton garken shanu da ya nuna ƙofar gidan mai su, ko na shingen jami'an tsaro, yana iya jefa wani cikin haɗari. Wayoyi da yawa kuma suna liƙa wa hoto bayanin wurin da aka ɗauke shi idan ba a kashe wannan saitin ba. Haka nan hoton matar aure ko yaro da aka ɗauka ba da yardarsu ko ta iyaye ba. A irin wannan, maganar haske da tsari ta zama ta baya. Abin faɗa shi ne a cire hoton.

Wannan ba ya nufin a ajiye kyamara. Fati Abubakar ta fara wallafa hotunan rayuwar yau da kullum a Maiduguri a shafinta na Bits of Borno a 2015, lokacin da duniya ba ta ganin komai daga Borno sai ɓarna, kuma 'yan makaranta da 'yan kasuwa da masu biki da ta ɗauka sun kai ga manyan jaridun duniya. Matashin Dabawa da ke ɗaukar manoman rani da masuntan Zobe irin wannan aikin yake yi, ko bai sani ba. Idan ya turo hoto goma ya tambayi wanne ya fi, a zaɓar masa biyu, a faɗi dalili, a ce ya koma wurin da hantsi ya sake ɗauka ya turo.