Ko Kun Sani? Sandar Fatsa Ba Ta Da Kauri Ɗaya

Masu fatsa a gaɓar Kogin Sakkwato, daga Gusau zuwa Bunguɗu, ba kowane reshe suke sara ba. Sukan nemi gora mai kauri a gindi, wadda take sirancewa har baki. Bakin ne ke rawa da zarar karfasa ta taɓa tana, gindin kuma shi ke riƙe tarwaɗa idan ta fizga.

Wannan sirancewar ita masana'antu ke aunawa da gangan. Sandar da ake kamun kifi da ƙwaron ƙarya, wadda aka saba yi mata tsawon ƙafa 9, takan lanƙwasa har wajen tsakiya. Ƙwaron gashin tsuntsu ne da zare, kusan ba shi da nauyi, don haka igiyar ce ake yi wa nauyi, sandar ta wurga ta.

Ta jifan koto mai nauyi kuwa takan tsaya ƙafa 6 zuwa 7. Galibi bakinta kaɗai ke lanƙwasa, domin dalma ko koton ne ke jan siririyar igiya zuwa tsakiyar ruwa.