Abin da ya kamata ku sani: Yadda ake gane ɗan bayan da zai ci abinci da ƙwallo

A filayen unguwa na Kontagora, in an yi La'asar aka fito tamaula, mai zura ƙwallo a raga ake yi wa ihu. Ɗan baya kuwa ba a tunawa da shi sai ya share wani ƙura ta tashi. Daga nan iyaye da yayye da yawa ke samun kuskure wajen auna yaronsu. Sun ga tsayi, sun ga ƙirji, sun ga yana narka ƙwallo ta tsallake rabin fili, sai su ce wannan kam Turai na jiran sa. Masu farautar 'yan wasa ba wannan suke zuwa kallo ba.

Wanda ya san aikin yakan ɗauke idonsa daga kan ƙwallo ya ɗora a kan yaron. Ina yake tsayawa idan wasa yana can ɗaya gefen? Yana waiwaye ya san wanda ke bayansa, ko ƙwallo kawai ya ƙura wa ido? Idan abokan tsaronsa suka matsa gaba don kama abokin hamayya da satar gida, yana tafiya tare da su, ko shi ne ke maƙalewa a baya ya ɓata tarkon? Sharar ƙafar nan da 'yan kallo ke so, sau da yawa shaida ce cewa yaro ya makara, yana gyara abin da ya ɓata ne tun daƙiƙa biyu da suka wuce. Ɗan bayan da ya iya karatun wasa yakan tare ƙwallo a tsaye, ya gama minti 90 gajeren wandonsa bai yi datti sosai ba.

Sai gudu, kuma gudu iri biyu ne. Akwai na miƙewa, wanda kowa ke gani. Akwai na juyi, wato yadda mutum ke ja da baya yana fuskantar mai ƙwallo, a yanke shi, ya murɗa ƙugu ya bi ba tare da ya yi asarar taku ba. A Amurka, inda ake ɗibar 'yan wasan ƙwallon zari-ruga irin tasu daga jami'o'i zuwa gasar NFL, kowace shekara sukan tara samarin a birnin Indianapolis, su auna gudun yadi 40 da agogo, su sa masu gadin gefe su yi ta ja da baya suna juyawa, don a ga ko ƙugu na da taushi. Wasanmu daban ne, amma lamba biyu da lamba uku abin da ke gabansu ke nan kullum: ɗan gefe mai sauri ya san inda za shi, kai ba ka sani ba. Taku biyar na farko bayan juyi su ke raba gardama. Ana iya ƙara wa yaro numfashi da ƙarfin jiki da atisaye, amma ƙugu mai tauri yana da wuyar gyara idan an girma.

Ƙafa ma an daina yafe wa ɗan baya ita. Yanzu daga gida ake gina wasa, don haka ana duba yadda yake tsayar da ƙwallo idan an matsa masa, da ko yana iya ba da ita da ƙafar da ba tasa ba. Ku dubi Zaidu Sanusi, ɗan Jega a jihar Kebbi, maƙwabciyarmu. A Fotugal ya fara ne daga ƙananan kulob, ya buga wa Mirandela, ya koma Santa Clara, sannan FC Porto ta saye shi a 2020. A watan Mayun 2022 shi ya ci ƙwallon da Porto ta doke Benfica da ita a ƙarshen wasa, ta ɗauki kofin gasar ƙasar. Lamba uku ne, amma a dab da tashi yana da sauran numfashin da zai ƙure fili ya isa bakin raga. Shehu Abdullahi na Sakkwato kuwa ta Kano Pillars ya bi, kuma abin da ya ɗaga shi har ya samu tagulla a wasannin Olamfik na 2016 ya je Kofin Duniya na 2018 shi ne yana iya buga baya ta dama, yana iya shiga tsakiya.

Ni abin da na fi ba muhimmanci shi ne minti biyar da ke biyo bayan kuskure. Kowane ɗan baya za a yanke shi, za a ci gidansu ta wajensa. Wani sai ya huce a kan ƙafar mutum ya karɓi jan kati, wani ya shiga zagin mai tsaron gida, wani ya ɓuya ya daina neman ƙwallo. Wanda ya koma wurinsa yana yi wa 'yan uwansa magana, shi ne koci ke rubuta sunansa.

Akwai kuma tambayar da zumuɗi ke sa a manta: da wa ya kara? Zama gwani a gasar unguwa, ko a ƙungiyar wata makaranta da ke nan Kontagora, mafari ne kawai. Tsanin ƙwallon Najeriya hawa uku ne, NLO a ƙasa, NNL a tsakiya, NPFL a sama. Babbar ƙungiyar jiharmu, Niger Tornadoes, mai gida a filin wasa na Bako Kontagora da ke Minna, ta ɗauki Kofin Ƙalubale a 2000, ta kuma kai wasan ƙarshe a 2017 da 2019. Yaron da ya buga kaka guda cur a irin wannan mataki, da doguwar tafiya a mota da wasa a gidan wasu, an san wani abu game da shi wanda bidiyon minti uku a waya ba zai nuna ba. Bidiyo wuraren da ya yi kyau kawai ake haɗawa.

Maganar shekaru ba ta son wasa. Dokar FIFA ta hana sayar da ɗan wasa zuwa wata ƙasa kafin ya cika 18, in ban da 'yan wasu dalilai ƙalilan. Tun 2009 ake amfani da na'urar MRI a ɗauki hoton wuyan hannu don tantance 'yan ƙasa da 17. Rage shekaru yana cutar da yaron kansa, domin an auna shi da ma'aunin wanda zai ƙara girma alhali ya gama.

Ku kuma tabbata an yi masa rajista da kulob ko makarantar ƙwallo da hukuma ta sani. Idan aka sayar da ɗan wasa tsakanin ƙasashe, kashi 5 cikin 100 na kuɗin ana raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23, kuma sai da takarda ake samun wannan haƙƙi.

Iyaye, idan wani ya zo da sunan ejan yana neman kuɗin biza da na gwaji, ku nemi ganin lasisinsa na FIFA, ku sa mai ilimi ya duba sunansa a jerin da hukumar ke wallafawa a intanet, ku kuma ga takardar gayyata daga kulob ɗin da kansa. Kafin nan, kada ku sayar da gona, kada ku cire yaro daga makaranta.