Yadda Za A Taimaki Wadda Ta Raina Kanta

'Yan'uwana ɗalibai, akwai wata cuta wadda ba ta sa zazzaɓi, ba ta kwantar da mutum, amma tana hana shi cin moriyar baiwar da Allah ya yi masa. Ita ce raina kai, watau mutum ya riƙa ganin kowa ya fi shi. Da yawa cikinmu muna da ƙanwa, ko 'yar ajinmu, ko wadda muke nema da aure, da wannan abu ya addaba.

Alamunta ba su da wuyar ganewa. Ta san amsa, amma ba ta ɗaga hannu. In aka yabe ta, sai ta ce ba'a ake yi mata. In lokacin gwajin koyarwa ya ƙarato, sai ta fara zancen barin karatu. Zaman Abuja kuwa yana ƙara abin. Tun da gwamnati ta ƙauro nan a 1991, gari ya cika da masu hali. Yarinyar da ta taso a ƙauyen Abaji ko Kuje ta dubi suturarsu, ta ji Turancinsu, sai ta ɗauka ita ba kowa ba ce.

To, mene ne magani? Galibinmu mukan ce, "Haba, ai kin fi kowa!" A ganina wannan zuba ruwa ne a kwando, gama ta san daɗin baki ne. Abin da ke shiga zuciyarta shi ne yabon aikin da ta gani da idonta cewa ita ta yi. Ka ce, "Yadda kika bayyana lissafin nan da 'yan duwatsu, har ni na gane." Wannan ba ta iya musunsa.

Ku dubi Ladi Kwali. A nan Kwali aka haife ta, kuma ba ta yi karatun boko ba. Ginin tukwane ta koya a gida. A 1954 ta shiga makarantar tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja, ita ce mace ta farko a wurin. Aka lura da abin da hannunta ya iya, aka ba shi fili, har aka kai tukwanenta Ingila. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa, daga baya kuma aka sa hotonta a takardar naira 20. Kun ga, da Turanci aka auna ta, da an yi hasara. Saboda haka ka nemo abin da taka ta iya, ka ba shi fili. Ka zama ajinta, ta koya maka darasin kafin ta tsaya gaban yara. Sannu ba ta hana zuwa.

Sai dai a kiyaye abu uku. Na farko, kada ka gwada ta da wata, ko da wasa. Na biyu, kada ka yi mata aikinta, don hakan yana nuna mata kai ma ba ka yarda da ita ba. Na uku, kada ka zama kai kaɗai ne madogararta. Ka bar ta da ƙawayenta da malamanta mata. Wanda ya ji daɗin ganin mace ba ta iya kome sai da shi, ba ƙauna yake yi ba, mulki yake so.

In kuwa abin ya kai ga rashin barci, ko ƙin abinci, ko ta fara cewa gara ta mutu, to, ya wuce lallashi. A gaya wa iyayenta, a kai ta ga likita. Ga Asibitin Koyarwa nan Gwagwalada. Ba abin kunya ba ne.

Mu tuna, gobe yara za a danƙa mana, kuma kowane aji da irin wannan yarinya a benci na baya. Wanda ya iya da ta gida, zai iya da ta aji. Allah ya ba mu haƙuri da basira, amin.