Filin Jirgin Saman Kano: Fasinja Ke Jawo Jirgi

A Kano jirgin sama ya fara sauka a Nijeriya, cikin 1925. Amma a 2012 kamfanin KLM ya daina zuwa filin jirgin Malam Aminu Kano, bayan shekaru sama da 60 yana haɗa mu da Turai. A ganina, kukan wariya kaɗai ba zai dawo da irinsa ba, domin kamfanin jirgi kujerun da suka cika yake ƙirgawa. Jigilar alhazai ta 'yan makonni ce, masana'antun Bompai da Sharaɗa kuwa da yawa sun durƙushe. Mu farfaɗo da su, fatake da kaya su yawaita. Jama'a, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.