YADDA YARA KE KARATU A MAKARANTUN COCI NA INGILA A ƘARSHEN BAZARA

Yau za mu kai ku ƙasar Ingila, mu leƙa makarantun firamare waɗanda Cocin Ingila ke riƙe da su, mu ga abin da yara ke yi daga farkon watan Mayu zuwa tsakiyar Yuni. Dalilin da ya sa muka zaɓi waɗannan makonni, a cikinsu ne wata tsohuwar gardama ke fitowa fili, wadda ta shafi kowane uba da kowane malami. Watau da me za a auna ilmin yaro: da abin da ya rubuta a takardar jarrabawa, ko da abin da idonsa ya gani, hannunsa ya taɓa?

Kafin mu shiga magana, ku sani bazararsu ba irin tamu ba ce. Mu in an ce bazara, sai zafi da gumi da jiran hadari. Su kuwa lokaci ne da ƙasa ke farfaɗowa bayan hunturu, itatuwan da suka kakkaɓe su sake toho, ciyawa ta yi kore shar, furanni su buɗe. A tsakiyar hunturu hasken rana a birnin Landan ba ya cika sa'a 8, amma a ƙarshen Mayu yakan kai sa'a 16. Yaron da ya yi wata da watanni a ƙunshe cikin ɗaki da rigar sanyi, in ya ga haka, ai ka san zaman aji zai yi masa wuya.

ASALIN MAKARANTUN

A shekarar 1811 waɗansu manyan Cocin Ingila, cikinsu har da wani attajiri mai suna Joshua Watson, suka kafa ƙungiyar da ake kira National Society. Nufinsu kowace gundumar coci a Ingila da Wales ta sami makarantarta, domin 'ya'yan talakawa su iya karatu, su kuma san addininsu. Sai a 1870 aka yi dokar da ta sa hukuma ta fara gina nata makarantun inda babu. Sa'an nan dokar 1944 ta daidaita zama tsakanin coci da gwamnati: makaranta ta ci gaba da amsa sunan coci, gwamnati ke biyan malamai, iyaye kuwa ba sa biyan kuɗin karatu. Yanzu makarantun Cocin Ingila sun haura 4,500, ɗalibansu kamar miliyan ɗaya, kuma kusan ɗaya cikin huɗu na makarantun firamaren ƙasar nasu ne.

Yaro yakan shiga yana da shekara 4 ko 5, ya fita yana da 11. Kowace rana ana tara yara a yi addu'a da waƙa da ɗan wa'azi, amma doka ta ba uba ikon ya ce a ɗauke wa ɗansa wannan taro da darasin addini. A garuruwa kamar Bradford da Birmingham da Landan akwai makarantun coci waɗanda yawancin ɗalibansu 'ya'yan Musulmi ne, gama makarantar unguwa ce, kowa na unguwa yana da rabo a ciki.

MAKON JARRABAWA

To, watan Mayu da ganyensa da furanninsa shi ne kuma watan fargaba. Wajen mako na biyu 'yan aji 6, masu shekara 10 zuwa 11, sukan zauna jarrabawar ƙasa wadda suke kira SATs, daga Litinin zuwa Alhamis. Ranar farko nahawu da ƙa'idar rubutu, rana ta biyu karatu da fahimta na sa'a guda, sauran kwana biyu kuwa lissafi. Ana jera makin yaro tsakanin 80 da 120. Wanda ya kai 100 an ce ya iso inda ake so. Tun 1995 ake yin ta, ban da 2020 da 2021 da annobar korona ta hana.

Ƙanana ma ba a bar su ba. A watan Yuni 'yan aji 1 sukan karanta wa malami kalmomi 40, rabinsu ƙagaggu ne marasa ma'ana, don a gane ko yaro ya iya haɗa baƙi da wasali ko hadda kawai yake yi. An fara wannan a 2012. 'Yan aji 4 kuma, tun daga 2022, tilas su amsa tambaya 25 ta sau a kwamfuta, har zuwa 12 sau 12, kowace tambaya cikin daƙiƙa 6.

Abin lura a nan, wannan jarrabawa ta aji 6 ba ita ke ba yaro gurbi a sakandare ba. Tun farkon watan Maris an riga an gaya wa iyaye makarantar da ɗansu zai tafi. Makarantar kanta ake aunawa, domin ana buga sakamakonta kowa ya gani, a gwada ta da maƙwabtanta. Saboda haka nauyin yana kan hedimasta da malamansa, su kuma wani sa'i sai su sauke shi a kan yara. A 2010 kamar ɗaya cikin huɗu na makarantun ƙasar suka ƙi yin jarrabawar don nuna rashin yarda. A 2017 shugabar masu duba makarantu ta lokacin, Amanda Spielman, ta yi kukan cewa waɗansu makarantu suna tauye sauran darussa saboda shirin jarrabawa. Ga shi kuwa tun bayan 2009 aka daina yi wa kowane ɗan aji 6 jarrabawar kimiyya, kuma abin da ba a tambaya a jarrabawa shi ne farkon abin da malami mai gaggawa ke turewa gefe.

LAMBU A CIKIN AJI

Amma in ka shiga ajin da malaminsa ya san aikinsa, sai ka tarar bakin taga cike da kwalabe. Tsarin karatun ƙasar ya ce 'yan aji 2 su lura da yadda iri ke tsirowa. Sai a ba kowane yaro ƙwayar wake da jiƙaƙƙiyar takarda a cikin kwalba, yadda zai ga saiwa ta fara fita ta nufi ƙasa, daga baya tsiro ya nufi sama. A sa wata kwalba cikin duhun kabad, a hana wata ruwa. Bayan kwanaki yara su ga ta cikin duhu ta yi tsawo amma fara fat ba ƙarfi, wadda aka hana ruwa kuwa ko motsi ba ta yi ba. Ba sai an yi doguwar lacca ba, gani ya kori ji.

Ga inda dabarar take. Kowace safiya yaro zai ɗauki rula ya auna tsironsa da santimita, ya rubuta a littafi, ƙarshen mako ya debe tsawon Litinin daga na Jumma'a. Ashe lissafi ne yake yi bai sani ba. Zai kuma rubuta jimla biyu ko uku a kan abin da ya gani, malama ta gyara masa aya da waƙafi. Ashe nahawun da za a tambaye shi a aji 6 ne ya fara tun yanzu.

'Yan aji 3 sukan fiɗe fure su ga sassansa, su koyi yadda ƙudan zuma ke ɗaukar garin wani fure ya kai wa wani, har a sami 'ya'ya. 'Yan aji 5 kuwa darasinsu yadda halitta ke juyawa daga ƙwai zuwa girma. Makarantu da yawa suna da ɗan tafki a bayan fili, inda 'ya'yan kwaɗi masu wutsiya ke fid da ƙafafun baya, sa'an nan na gaba, wutsiyar ta shanye. Waɗansu sukan ajiye tsutsa cikin keji na raga, ta ci ta ƙoshi, ta naɗe kanta, bayan kamar mako biyu ta fito malam-buɗe-littafi, yara su fita fili su sake shi. Waɗansu kuma sukan kawo ƙwan kaza cikin akwati mai ɗumi, a liƙa takardar ƙidaya a bango, ana soke kwana ɗaya ɗaya har 21, ranar da ɗan tsako zai fasa ɓawo. Yaron da ya jira kwana 21 ɗin nan ya koyi haƙuri, ba kuwa zai manta da adadin ba har tsufansa.

BAƘI DAGA AFIRKA

Yadda muke duban shamuwa mu ce damina ta kusa, haka su ma suke da tsuntsayen da ke yi musu bushara, kuma daga wajenmu suke zuwa. Tsattsewa takan ƙetare Sahara ta isa Ingila a watan Afrilu da Mayu, ta yi sheƙa, ta koma kafin sanyi. Akwai wani tsuntsu da suke kira kuku saboda kukansa, wanda ke saka ƙwansa a sheƙar wani. Tun 2011 masanan tsuntsaye na ƙasar suke ɗaura wa waɗansunsu 'yar na'ura, suka gano yana yin hunturu a dazuzzukan Kwango, in zai koma kuma yakan ya da zango a Afirka ta Yamma. Malami mai hikima sai ya buɗe taswira ya ce yara su bi hanyar tsuntsun da yatsa. Da haka yaron ƙauyen Ingila ke fara jin sunan ƙasashenmu.

BUKUKUWAN COCI DA NA GARGAJIYA

Kwana 40 daga idin Ista, kullum ranar Alhamis, Kirista suna tunawa da hawan Isa Almasihu sama bisa ga imaninsu, bayan kwana 10 kuma su yi idin Fentikos. Makarantu da yawa sukan jera yara zuwa cocin unguwa. Wata shekara ma ranar takan faɗo cikin makon jarrabawa, sai hedimasta ya san yadda zai raba lokaci.

Kwana uku kafin wannan Alhamis kwanakin roƙon albarkar gona ne. Da su aka haɗa wata tsohuwar al'ada ta zaga iyakar gunduma. A zamanin da taswira ba ta yawaita ba, limamin coci da dattawa sukan tafi da yara, kowane da tsumagiya, in an iso dutsen iyaka ko itacen iyaka sai yara su yi ta bugunsa, domin in sun tsufa su zama shaidu. Har yanzu ana yi a waɗansu wurare, kamar birnin Oxford, inda masu zagayen ke ratsawa har ta cikin kantuna. Ku duba, mutanen da ma sun gane abin da ƙafa ta taka ya fi zama a kai.

Sai rawar sandar Mayu. Akan kafa doguwar sanda a fili, a ɗaura siraran ƙyallaye masu launi a kanta, kowane yaro ya riƙe ɗaya. Rabi su zaga ta dama, rabi ta hagu, wannan ya bi ta ƙarƙashin na wancan, wancan ya bi ta bisa, har su yi wa sandar kitso. Majalisar ƙasar ta hana kafa sandar a 1644, aka dawo da ita bayan komowar sarauta a 1660. A 1881 wani marubuci, John Ruskin, ya ba da shawarar bikin Mayu a Kwalejin Whitelands, wadda National Society ta kafa a 1841 don horad da malamai mata, su kuma malaman suka yaɗa al'adar a makarantun da aka tura su. In yaro ɗaya ya ɓata ƙidaya, kitson duka ya cuɗe, sai an warware an sake. Wannan darasi ne na zama da mutane wanda allo ba ya iya bayarwa.

A watan Mayu ne kuma ake makon tara taimako na ƙungiyar Christian Aid, wanda aka fara a 1957. Yara sukan sayar da waina irin tasu ko tsire-tsiren da suka shuka, su ƙirga kuɗin da kansu. Ƙarshen wata a yi hutun mako guda. In an dawo, sai shirin ranar wasanni, da tseren buhu da na ƙwai a cokali, da koyon iyo, gama ana so kowane yaro ya iya iyon mita 25 kafin ya bar firamare. 'Yan aji 6 kuwa galibi akan kai su wani sansani su kwana biyu ko uku nesa da iyaye, su koyi ɗaukar nauyin kansu.

ABIN DA ZA A ƊAUKA

A 2016 Cocin Ingila ya bayyana manufarsa ta ilmi, ya kafa ta a kan abu huɗu: hikima da sani, kyakkyawan fata, zaman tare, da mutunta ɗan Adam. Faɗar haka a takarda ba wuya. Watan Mayu ne ke nuna ko da gaske ake, lokacin da hedimasta zai zaɓa ko a ƙara sa'a guda ta tsofaffin takardun jarrabawa, ko a bar yara su je bakin tafki.

Kada a ce jarrabawa ba ta da amfani. Yaron da ya kai shekara 11 bai iya karatu da lissafi ba an cuce shi, ɗan talaka kuma ya fi kowa cutuwa, don ba shi da wanda zai biya masa a gida. Jarrabawa ce ke tona asirin makarantar da ta yi sake. Amma yawan awo ba ya ƙara wa hatsi auki. Makarantar da ta rufe taga wata uku don neman maki tana iya samun makin, ta rasa yaron, gama ya fita da ƙin littafi. Wadda ta sa wake da ɗan tsako da taswira su yi wa lissafi da rubutu hidima, ita ce ta jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Saboda haka, ya kai uba, in ɗanka ya komo daga makaranta, bayan ka tambaye shi maki nawa ya ci, ka kuma tambaye shi me ya gani yau. Kai kuma malami, iri da kwalba da ruwa ba su fi ƙarfin kowa ba. Allah ya ba yara ilmi mai amfani, ya saka wa malamansu da alheri.