Wayar da ke faɗa wa kiren tsawon hannunsa

Manyan ayyukan da aka yi a birnin Katsina, irin su gadar ƙasa ta Ƙofar Ƙaura da aka buɗe a 2023, sun sa idon jama'a ya saba da manyan injina. Cikinsu kuwa ba wanda ke tara 'yan kallo kamar kiren, mai miƙa hannu gaɓa bayan gaɓa. Abin da ba kowa ke lura da shi ba shi ne wani ɗan faifai da ke manne a gefen hannun, da siririyar waya da ta fito daga cikinsa ta bi hannun har ƙarshe. Da wannan wayar injin ke sanin nisan da hannunsa ya kai.

Ku tuna tef ɗin awo na magina, wanda ake ja ya fito, a saki ya koma da kansa. Na'urar haka take, sai dai ita ba lamba a jikin wayarta. Akwai kwarkwaro da wayar ke naɗe a kai, akwai sifirin da ke riƙe da ita a miƙe kullum, sannan akwai abin da ke ƙirga juyawar kwarkwaron. Ana ɗaure bakin wayar a jikin abin da ke motsi. In ya yi gaba, waya ta warware, kwarkwaro ya juya. In kewayen kwarkwaron santimita 20 ne, juyi 10 ya ba da mita 2 ke nan. Ashe juyi na'urar ke ƙirgawa, lissafi ne ke mai da shi tsawo.

Mai ƙirgar sau da yawa irin abin nan ne da ke bayan maɓallin ƙara murya na tsohuwar rediyo: juyawa na canza yawan lantarkin da ke wucewa. Wasu kuma suna da faifai mai tsaga-tsaga, haske na ratsawa yana yankewa, kwamfuta na ƙirgawa. A masana'antu an fi aika saƙon tsakanin miliamfiya 4 zuwa 20. Da gangan aka fara daga 4, domin in aka ga sifiri a san layin ne ya tsinke. Masu gwajin jiragen sama a Amurka ne suka fara yaɗa amfani da wannan na'ura a shekarun 1960, yau kuwa tana cikin lifta, da ƙofofin madatsun ruwa, da gadajen asibiti. Akwai mai awon 'yan santimitoci, akwai mai kai mita 50.

A kiren, tsawo kaɗai bai wadatar ba. Kwamfuta na haɗa shi da karkatar hannun da nauyin kaya, domin tan 5 a kusa da mota daban yake da tan 5 a can nesa. In lissafi ya nuna motar na gab da kifewa, sai ƙararrawa ta kaɗa, injin ya ƙi miƙa hannu gaba.

To, a nan ne ƙurar hunturu ke shigowa. Dole wayar ta kwanta a jere, zagaye kusa da zagaye. In ƙura ta cakuɗe da giris, ko sifirin ya saki, sai wayar ta hau kan 'yar'uwarta, kewayen ya ƙaru. Kowane juyi sai ya saki waya fiye da yadda kwamfuta ke zato, har ta iya nuna hannun bai kai inda ya kai ba. Ga kiren wannan shi ne kuskure mafi muni, don injin zai ɗauka kayan na kusa alhali sun yi nisa. Haka ma in waya ta tsinke aka ƙulla ta, aka ci gaba da aiki ba a sake saita na'urar ba. Ni a ganina gara aiki ya tsaya yini guda da a yi irin wannan gyara na "a dai lallaɓa".

Masu kula da na'urar suna goge wayar da busasshen tsumma, su duba ko ta fara tsattsagewa, su tabbatar tana fita a miƙe ba a karkace ba. Ba sa kuma sakinta ta koma da gudu. Kafin a ɗaga kaya da safe, direba ya janye hannun gaba ɗaya, ya duba ko lambar da ke kan allo ta yi daidai da wadda ke cikin littafin motar.